Baraka da Rumbun Uwar Gona

Duk wanda ya ce maka Baraka ta Gawon Dutsi mace ce mai daɗin zama, to ƙarya yake yi, ko kuwa bai taɓa haɗa hanya da ita ba. Gajeruwa ce, baƙa, ƙafafunta duk faso saboda duwatsun Adar, ga murya kamar ana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙwarya. In ta ce a'a, nemi wuri ka zauna, don ba ta da wata magana bayan wannan. Mutanen garinsu sun zage ta, sun ji tsoronta, sun kuma ci albarkacinta, duk cikin shekara guda. Ni dai ina cikin masu ganin girmanta, ko da yake ba zan so a ce ita ta haife ni ba.

Gawon Dutsi ɗan ƙauye ne a gindin tsauni, can ƙasar Deule. Mutanensa asalinsu Anna ne, masu bin addinin kakanni, masu yanka wa iskoki. Babbar iskarsu ita ce Uwar Gona, wadda suka ce albarkar shuka a hannunta take. Tana da rumbunta na laka, ƙato, tsaye shi kaɗai yamma da gari, da jan ƙyalle da ƙahon akuya ɗaure a wuyansa. Bakinsa a sama yake, sai da tsani ake hawa, tsanin kuwa a ɗakin mai tsaro yake kwana. Da kaka kowane gida yakan zaɓi damin hatsi mafi kyau ya kawo a zuba. Dokar rumbun guda ce, kowa ya san ta: abin da ya shiga ba ya fita sai ruwan shuka ya sauka. Ran nan ake yanka baƙar akuya a gindinsa, a buɗe, a ba kowa nasa. Kuma hatsin ba ya ganin turmi, gona ake wucewa da shi.

Uban Baraka, Ɗangana, shi ne mai tsaron rumbun, gado tun kaka da kakanni. A shekarar da fara ta cinye Adar, wajen 1931, yunwa ta shiga garin ta yi yadda ta ga dama. Ɗangana ya shimfiɗa tabarma a gindin rumbu ya hana kowa taɓawa, shi ma bai taɓa ba. Nan ya mutu, cikinsa ya manne da bayansa, kansa jingine da rumbu cike da hatsi. 'Ya'yansa maza ba su ga abin alfahari a ciki ba. Suka ce wane irin addini ne wannan, da mutum zai mutu da yunwa yana jin ƙamshin hatsi? Aka miƙa wa babbansu wuƙar yanka, alamar gadon tsaron rumbu, ya ce a kai kasuwa. Aka miƙa wa ƙaramin, ya ɓoye hannunsa cikin riga. Baraka, wadda a lokacin mijinta ya mutu ta dawo gida da ɗanta guda, ita ta miƙa hannu ta karɓe ta. Aka ce mace ba ta taɓa riƙe wuƙar nan ba. Ta ce to yau ta riƙe. Da ruwa ya sauka ita ta yanka akuya ta buɗe rumbun, garin ya sami iri, aka yi shuka aka rayu.

Dama can salla ta daɗe da zagaye garin. Akwai rugar Fulani a fadamar da ke ƙasa da tsaunin, masu shanu da ɗan noma, a cikinsu akwai Malam Gidaɗo, dogo siriri mai sanyin magana, wanda ke jan salla. Samarin da ke zuwa cin rani kudu su ma sukan dawo da carbi da sabon suna. Bayan mutuwar Ɗangana sai abin ya zama kamar an buɗe ƙofa. Gida-gida aka riƙa bin Malam, aka jera duwatsu a tsakiyar gari aka ce masallaci ne. Dammunan Uwar Gona suka riƙa raguwa, bana kaɗan, baɗi ƙasa da haka, har ya zama daga Baraka sai wasu tsofaffi da ba su iya canza hali. In ka leƙa rumbun, sai duhu da ɗan hatsi can ƙasa.

Ɗanta ma ya bi sahu. Yaro ake ce masa tun yana goye, ya tafi cin rani ya dawo ya ce daga yau sunansa Isaka. Duk gari suka karɓa, ban da uwarsa.

"Inna, Isaka nike yanzu," in ji shi.

"Ni Yaro na haifa. In akwai wani Isaka, ya tahi ya nemi tashi uwar."

Isaka mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya auri wata yarinya Lantana, suka haifi 'ya mace aka sa mata Suwaiba, ita ce kuwa ta karya lagon tsohuwar. Baraka da ba ta yi wa kowa dariya, sai ka gan ta tana rarrafe tsakar gida tana kukan akuya don dai Suwaiba ta ƙyalƙyale. In Isaka ya ga ranta ya yi fari haka, sai ya matso ya ce, "Inna, ko sau guda ki sa goshinki ƙasa." Takan ce masa goshinta ya sha ƙasa wajen noma tun kafin a haife shi, ya ishe ta.

Tsakaninta da Malam Gidaɗo kuwa sai tsokana. In sun haɗu a hanyar rijiya yakan ce, "Baraka, har yanzu ba ki gaji ba?" Ita kuma ta ce, "Malam, ran da shanunka sunka daina shiga gonata, ran nan ni bi ka salla." Ya yi dariya ya wuce. Bai taɓa ce mata arniya ba. Sababbin masu sallar ne, waɗanda jiya-jiya suka gama lasar romon akuyar Uwar Gona, ke tofar da yawu in sun wuce rumbun. Su ne ke ba ni haushi a labarin nan.

Ana nan sai Nasara suka shiga yaƙinsu can ƙasarsu, yaƙin da talakan Adar bai san mafarinsa ba, amma aka ce shi zai ciyar da shi. Ban da lanho, wato haraji, da aikin hanya, sai aka fara aiko gardi, dogaran bariki masu jar hula, suna bin ƙauyuka da raƙuma suna kwashe hatsi. Kakar shekarar kuwa dama ba ta yi kyau ba. Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo a guje ya ce gardi na ƙauyen da ke bayan tsauni, sun leƙa kowane rumbu, kuma nan suka nufo.

Gari ya rikice. Wani ya ce a haƙa rami, aka ce ina hali, ƙasar duk dutse? Wani ya ce a kai cikin kwazazzabo, aka ce raƙuman ta nan za su biyo. Can sai wani ya tuna cewa gardi ba sa taɓa kayan tsafi. Su ma 'ya'yan talakawa ne, sun san abin da ake tsoro. Kai! Kafin ka ce me, ga maza da mata da dammuna a ka, sun jeru zuwa rumbun nan da suke tofa wa yawu.

Baraka ta fito da tsani, amma ta tsaya a gabansa.

"Ku dakata. Kun san rumbun wa kunka zo?"

"Mun sani, Inna Baraka, don Allah ki kauce!"

"Abin da ya shiga nan ba shi hita sai ruwan shibka ya sauka. Kuma ba shi zuwa turmi. Kun jiya?"

"Mun jiya!"

"Ku sake faɗi, in ji da kunnena."

Suka sake faɗa, wasu har da rantsuwa. Isaka na cikinsu da dammunansa. Malam Gidaɗo ma ya aiko da nasa a kan jaki, shi dai bai zo da kansa ba. Baraka ta hau ta riƙa karɓa tana duba ƙullin kowane dami, don kowane gida da irin yadda yake ɗaure igiyarsa, har rumbun ya cika kamar yadda bai cika ba tun zamanin ubanta. Ta mayar da murfi ta sauko.

To, ga inda suka yi wauta. A ransu sun ɗauka tun da yanzu su masu salla ne, dokar Uwar Gona ta daina hawa kansu. Sun ɗauka aron tsoronta za su yi na yini guda, su razana gardi da shi, in an watse su mayar mata da abinta su kwashe hatsinsu. Sun manta 'yar wa ke riƙe da tsanin.

Gardi suka iso da azahar, suka bi gida-gida suka ɗebi abin da suka ɗiba. Babbansu, wani ƙato mai layu cike da damtse, ya hango rumbun ya nufo shi. Ya tarar da Baraka zaune a gindinsa tana kaɗi, tsani jingine ba ta ma ɓoye shi ba. Ya tambaye ta abin da ke ciki.

"Hatsi na, cike," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba. "Na Uwar Gona na. Ga tsani nan, hau. Ni ba ni hana ka."

Ya dubi jan ƙyallen, ya dubi ƙahon akuyar. Ya ce in mutum ya taɓa, me ke samunsa?

"Oho. Ban taɓa ganin wanda ya gwada ba. Kai ka zan na farko."

Ƙaton nan ya shafa layunsa, ya nemi tsarin Allah, ya tofar da yawu ya juya. Ya ce wa mutanensa ba komai ciki sai shirmen arna. Da yamma gari ya cika da dariya, ana ta sa wa Baraka albarka. Washegari wasu suka zo ɗaukar nasu. Ta dubi sama ta ce, "Ruwa ya sauka ban sani ba?" Suka yi dariya suka koma, suna cewa tsohuwar nan da wasa take. A lokacin akwai sauran abin da gardi suka bari a gidaje, shi ya sa dariyar ta yi musu sauƙi.

Kafin bazara ta kankama, wannan saura ya ƙare. Shanun Fulani sun tafi neman ciyawa, 'yan da suka rage nononsu ya ƙafe. Baraka ta tara mata ta hau da su kan tsauni tsinkar anza, 'ya'yan wani ɗan itace masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an jiƙa an zubar da ruwan, an sake jiƙawa an sake zubarwa, kafin su ciwu. Ta koyi aikin a shekarar fara, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Da shi aka riƙa lallaɓa rai. Amma anza ba hatsi ba ce, kuma kowa ya san inda hatsi yake. Mutum ya fito daga ɗaki cikinsa na ƙugi, abin da zai fara gani shi ne rumbun nan tsaye, cike da guminsa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga salla, maza suka taso gaba ɗaya suka nufi rumbun. Suka tarar da ita a kan tabarmar ubanta. Aka fara da lallashi, aka koma faɗa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce arniya ba za ta kashe Musulmi da yunwa saboda gunki ba.

Baraka ta miƙe.

"Wa ya ce arniya? Ya matso in gan shi. Ran da gardi sunka zo, arniyar ce kunka ɓuya bayan zanenta. Kun ce tsahi ƙarya na, to mi ya kawo hatsinku nan? Don mi ba ku kai shi masallaci ba? Gardi ya ji tsoron wurin ga, ya bar muku abinku. Tsoron da ya hana shi, shi za ya hana ku. Ba a cin rabin doka a zubar da rabi." Ta nuna gonakin da ke shimfiɗe fayau a ƙasa. "In na buɗe yau, kahin wata ya mutu kun cinye. In ruwa ya sauka mi za ku sa a ƙasa? Carbi?"

Sai aka juya ga Malam Gidaɗo aka ce ya yanke hukunci. Shi ma yunwar ta taɓa shi, rigarsa kamar an rataya a sanda. 

"Ni ban san Uwar Gona ba," in ji shi, "ban kuma son in san ta. Amma alkawari na sani. Matar ga ta faɗi sharaɗinta da rana tsaka, kun amsa, ni ma jakina ya amsa mini. Ba ni sa hannu a karya shi." Sannan ya juya gare ta ya sassauta murya. "Amma Baraka, ki ji tausayi. Ko rabi."

"Ko zangarniya guda, Malam."

Da ƙarfi za su iya ture ta, tsohuwa ce da ba ta fi damin kara nauyi ba. Amma duk cika bakin da suke yi, babu wanda ya yarda ya zama shi ne farkon ɗora ƙafa a tsanin. Kowa na jiran wani. Haka suka watse suna zage-zage, daga ran nan kuwa aka daina gaishe ta.

Wannan duk ko a jikinta. Abin da ya taɓa ta shi ne Suwaiba. Cikin yarinyar ya ƙi karɓar anza, in ta ci sai ta amayar. Gashinta ya yi ja, wuyanta ya zama kamar sillen kara, ta daina dariya ko kakarta ta yi kukan akuya. Baraka ta riƙa yawo cikin daji tana neman ganye da saiwa, duk abin da ta samu ita take kai wa, ta kwana da ruwa. Bai isa ba.

Wata rana da la'asar Isaka ya zo gindin rumbun da yarinyar a kafaɗa. Ya sauke ta a kan tabarma gaban uwarsa.

"Inna, ba don gari na zo ba. Dami guda nike roƙo, nawa, wanda na noma da hannuna. A yi mata kunu."

Baraka ta dubi jikarta. Wallahi ta so ta buɗe. Hannunta har ya kai ga tsani. Amma da ta ɗaga kai sai ta ga idanu ta kowace kafar darni, gari duka ya yi shiru yana kallo. Ta san in dami guda ya fita, kafin rana ta faɗi ba sauran ko ƙwaya. Ta kuma san a kan tabarmar wa take tsaye. Sai ta jingina tsanin ta hau, ta zauna daram a kan murfin rumbun.

Isaka ya bi ta. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ɗora ƙafa a tsanin nan ba da izini ba. Ya hau har fuskarsa ta zo daidai da tata, hawaye na zuba.

"Ki kauce, Inna."

"Ba ni yi maka baki, Yaro. Amma sai ka ɗaga ni ka jefa ƙasa, sannan ka buɗe."

Ya kama damtsenta. Ya ji babu komai a wurin sai ƙashi, ya gane ashe ta fi shi jin yunwa. Ya sake ta. Ya sauko a hankali ya ɗauki 'yarsa.

"Kakana ya kashe kanshi, ke kuma ɗiyata za ki kashe," in ji shi. "Ki zauna da uwarki ta gona."

Da safe ya ɗaura kayansa, shi da Lantana da yarinyar, suka nufi kudu, ƙasar da ke hannun Turawan Ingilishi, inda aka ce akwai abinci. Baraka ta bi su har bayan gari da ƙullin anzar da ta rage mata da zanenta na kirki guda. Lantana ta karɓa tana kuka. Isaka bai waiwayo ba.

Ba a daɗe ba wani mai jaki da ya dawo daga kasuwar Madawa ya kawo labari. Yarinyar ba ta wuce wani ƙauye da ake kira Sabon Gida ba. Sun binne ta a bakin hanya, suka ci gaba da tafiya. Da aka gaya wa Baraka ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta tafi gindin rumbun ta riƙa dukan bangonsa da tafin hannu, tana duka tana duka har hannun ya fashe. Sannan ta zauna. Mutane suka ce to yanzu kam za ta buɗe. Ina! Sai ma ta ƙara kafewa. Ta ce in ta buɗe yanzu, Suwaiba ta mutu a banza ke nan.

Ruwa ya makara shekarar, amma ya zo. Hadari ya taso daga gabas da rana tsaka, aka yi ruwa mai yawa har kwazazzabai suka kawo. Washegari tun da sassafe gari duka na gindin rumbu. Ka san abin mamaki? Masu sallar nan, masu tofar da yawu, su da kansu suka sauka ruga suka samo baƙar akuya suka jawo ta da igiya, don kada a sami abin da zai jinkirta buɗewa. Malam Gidaɗo na tsaye can gefe, ya kau da kai kamar bai gani ba.

Baraka ta fito da wuƙar ubanta. Ta kama akuyar, ta dube ta, sai ta sa wuƙa ta yanke igiyar, ta ɗaka mata duka a gindi. Akuya ta ruga.

"Bana babu jini," ta ce, kuma ba da mutane take ba, rumbun take fuskanta. "Kin riga kin ci. Ubana kinka ci, na yi shiru. Jikata kinka ci. Na cika miki alkawarinki har ƙarshe, ba ki bi na komi. In ba ki ƙoshi ba, ga ni nan, ki zo."

Tabɗi! Jama'a suka ja da baya, har masu carbi a hannu. Tun da aka gina rumbun ba a taɓa buɗe shi ba jini ba. Ita kuwa ko gezau. Ta hau tsani ta ture murfin, ta fara jefo dammuna ƙasa, tana duba ƙulli tana kiran mai shi. Kowa aka kira sai ya matso a sanyaye ya ɗauka. Ta kira Malam Gidaɗo, ya zo ya ɗauki nasa. Ta yi ta kira har rumbun ya kusa ƙarewa. Can ƙasa ta ciro wasu dammuna masu ƙulli irin wanda ita ta koya wa mai shi tun yana ƙarami. Ta riƙe su a ƙirji, ta miƙe tsaye a kan rumbun.

"Isaka!"

Ran nan ne ta fara kiran sunan. Babu wanda ya amsa. Ta sake kira da ƙarfi, har muryar ta karye. Mata suka fara share hawaye. Ta sauko da dammunan da kanta ba ta bari kowa ya taɓa ba.

A ranar duk Gawon Dutsi na gona. Ƙauyukan da ke kewaye da su da yawa sun cinye irinsu tun da bazara, sai ga su suna zuwa roƙon ko cikin tafi, aka kuwa sam musu. Baraka ba ta je tata gonar ba. Ta sussuka hatsin Isaka ta zuba a ƙwarya, ta ɗauki sungumi ta nufi gonarsa. Shuka kuwa aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara, ɗaya na bi yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Ta yi sara kaɗan, ta ajiye sungumi ta dawo ta zuba, ta sake komawa, jiri na ɗibarta. Sai ta ji an ɗauki sungumin a bayanta. Malam Gidaɗo ne, ya naɗe hannun riga. Ya shiga gaba yana sara, kowane rami ya ce bisimilla.

"Faɗi abinka, Malam," in ji ta. "Ni dai ba ni amsawa."

"Ban ce ki amsa ba. Zuba iri."

Hatsi ya yi kyau shekarar. Sai gardama ta tashi a gari. Wasu suka ce kun gani, an buɗe ba jini kuma ba abin da ya faru, ashe Uwar Gona ba komai ba ce. Wasu suka ce rufe mana baki, ba don ita ba da wa zai ga kaka? Kowane ɓangare ya zo wurin Baraka yana son ta ce shi ke da gaskiya. Ta kore su duka da muciya. Ta ce lokacin da ake biyan abin ba ta ga kowa kusa da ita ba, saboda haka kada wanda ya zo ya yi wa'azi da jikarta.

Ta yi 'yan shekaru bayan haka. Ba ta taɓa salla ba, ba ta kuma sake yanka wa Uwar Gona ko ɗan tsako ba. Amma dokar rumbu tana nan yadda take, kuma gidaje suka koma kawo dami da kaka. Masu jin kunya suka riƙa ce masa rumbun iri. Ita ba ruwanta da abin da suka kira shi, muddin ba su taɓa ba sai ruwa ya sauka, tsaninsa kuwa a ɗakinta yake kwana kamar da.

Isaka bai dawo ba. Kowace damina gonarsa take fara shukawa kafin tata, da kaka ta ɗaure dammunan da irin ƙullinsa ta zuba a rumbunsa da ke cikin kangon gidansa. Ta sa aka faɗa wa gari cewa wannan ba shi da doka, duk matar da ɗanta ke jin yunwa ta je ta ɗiba, ko da rani ko da bazara, kada ta tambayi kowa. Har ta mutu, wannan rumbun ba ta taɓa ɗauke masa tsani ba.